Wasan Talabijin na Almarar Kimiyya in Zamaninsa Ya Wuce: Gwangwanayen Jos da Gonakin Bunkure

Gabatarwa

A cikin watan Oktoba na 2013 gidan talabijin na BBC ya ba da sanarwa cewa an tsinci waɗansu gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A cikinsu akwai kashi goma sha ɗaya na wani wasa mai dogon zango da ake kira Doctor Who, tara daga ciki kuwa an daɗe da fid da rai da su, gama ko a Ingila, inda aka shirya su, babu sauransu. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin tsofaffin ma'ajiyoyi yana neman abin da ya ɓata, shi ya gano su. An shirya waɗannan wasanni a 1967 da 1968, watau suna da shekara 45 sa'ad da suka koma gida.

Wannan labari shi ya jawo tambayar da wannan takarda ke son ta bi diddiginta. Wasan da aka shirya domin ya nuna wa mutane gobe, me ke samunsa in goben ta zo ta wuce? Wane sashe nasa ke ruɓewa, wane kuma ke tsira? Tambaya irin wannan ba ta amsuwa a kan iska, sai an sami 'yan kallo na sosai an ajiye wasan a gabansu. Saboda haka muka zaɓi mutanen ƙasar noman rani ta Bunkure da Kura, a Jihar Kano. Dalilin zaɓen kuwa zai fito fili nan gaba, gama ɗaya daga cikin labaran da aka tsinta a Jos a kan noma da yunwa aka gina shi.

Mece ce almarar kimiyya?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin abin da ba ya yiwuwa. A tatsuniya Gizo yana magana, dodo yana haɗiye gari. A cikin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, jarumin ya tafi har ƙasar aljannu. Amma duk waɗannan, abin mamakin da ke cikinsu tushensa sihiri ne, ko aljan, ko baiwa. Mai sauraro ba ya tambayar yadda aka yi, domin ya san ba a yi ba.

Almarar kimiyya ta saɓa da wannan ta fuska guda. Abin mamakinta daga hannun ɗan'adam yake fitowa, ko daga hannun wata halitta mai ilmi, ta hanyar na'ura da lissafi. Marubucin yana cewa ne, ga abin da muka iya yau, to a ce an ƙara masa taki goma, ina za mu kwana? Littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, shi ne misalin da aka fi sani a Hausa, inda aka ɗauki yaro aka kai shi yawo sararin samaniya.

Masu nazarin nahawu za su lura da cewa Hausa tana da kayan aikin wannan irin labari tun asali. Muna da "za a yi", wanda ke nuna ƙudurin abu. Muna da "a yi" mai jan wasali, irin na "ma gani" da "ya zo wata rana", wanda ke nuna yiwuwa ba tare da alkawari ba. Muna kuma da "da a ce", wanda ke buɗe ƙofar abin da bai faru ba. Almarar kimiyya mai kyau a cikin "da a ce" take zaune. Wannan yana da muhimmanci ga 'yan kallonmu, waɗanda ba su ɗaukar da'awar sanin gaibu da wasa. Marubucin irin wannan labari ba ɗan duba ba ne, mai buga misali ne, kuma in ya manta da haka ya shiga cewa "za a yi", lalle zamani zai ƙaryata shi.

Jarrabawa ta farko: ko wasan zai kai labari

Kafin a yi maganar ko 'yan baya za su so wasa, sai wasan ya iske su tukuna. Nan ne da yawa ke faɗuwa.

An fara nuna Doctor Who ran 23 ga Nuwamba 1963. A wancan zamani faifan bidiyo abu ne mai tsada ƙwarai, saboda haka in an nuna wasa sai a goge faifan a ɗora wani. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade sau nawa za a maimaita abu, sa'an nan da talabijin mai launi ta shigo a ƙarshen shekarun 1960, aka ga kamar mai baƙi da fari ba shi da sauran kasuwa. Haka aka yi ta gogewa da zubarwa har 1978, lokacin da BBC ta tsayar da wannan al'ada. Kafin tsintuwar Jos kashi 106 ne babu su, bayanta suka koma 97.

To, yaya aka yi suka zo Jos? Kafin a goge faifai akan juye wasan a kan fim mai faɗin milimita 16 domin sayar wa ƙasashen waje. In wata tasha ta gama nunawa sai ta aika wa ta gaba, ita ma ta aika wa wata, har fim ya ƙare yawonsa a wani wuri. Nijeriya tana cikin masu saye. Talabijin ta fara aiki a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, Jos kuma ta sami tata a tsakiyar shekarun 1970, ita ce ma ta fara watsa hoto mai launi a ƙasar nan. Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, kuma sanyinta ya fi zafin Kano dacewa da ajiyar fim. Abin da masu shi suka yar, sai ga shi ya tsira a kan kanta a hannun waɗanda suka saya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe. Duk kashin da hotonsa ya ɓata, muryarsa tana nan, domin waɗansu 'yan kallo a gidajensu sun riƙa kara rakoda a jikin akwatin talabijin suna ɗauka. Watau talakawan 'yan kallo sun fi ma'aikata sanin darajar abin.

Wannan darasi namu ne kai tsaye. Samanja Mazan Fama, da Karkuzu na Bodara, da Tambari, da Kuliya Manta Sabo, duk a kan faifan bidiyo aka ɗauke su, faifan bidiyo kuwa abokin gabarsa zafi ne da ƙura da laima. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi ya rasu a 2023. Hausar da ke bakin waɗannan mutane, ta bariki da ta fada da ta kasuwa, shaida ce ta yadda ake magana a wani zamani, wadda babu ƙamus ɗin da ya kama ta. In faifan ya lalace, shaidar ta tafi ke nan.

Jarrabawa ta biyu: na'ura da shekara

Abin da ya fi saurin tsufa a almarar kimiyya shi ne abin da aka fi alfahari da shi ran da aka shirya ta, watau na'urorin. Na biye da shi kuwa shekara ce, in marubuci ya kuskura ya ambace ta. Wani wasan Ingila mai suna Space: 1999, wanda aka fara nunawa a 1975, ya ajiye mutane ɗaruruwa suna zaune a kan wata a 1999. Shekarar ta zo ta wuce, alhali kuwa tun Disamba 1972 babu wanda ya sake taka wata a ƙarnin nan da ya shige. Star Trek na Amurka, wanda aka nuna daga 1966 zuwa 1969, ya fi dabara, gama ya jefa labarinsa ƙarnuka gaba. Duk da haka 'yar na'urar magana da jarumansa ke buɗewa a tafin hannu, wadda ta ba mutane mamaki a lokacin, wayar da ke aljihun mai tallan rake a Kura ta fi ta aiki, tun bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001.

Ɗaya daga cikin labarai biyu da aka tsinta a Jos, The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya, ya faɗa wannan rami sosai. An nuna shi daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968, aka kuma ce abin yana faruwa ne a 2018. Ga yadda yake a taƙaice. Wani mutum mai suna Salamanda ya ƙirƙiro wani tauraron ɗan'adam wanda ke tara hasken rana ya aika da shi gonakin ƙasashen sanyi, hatsi ya yi albarka, yunwa ta kau, duniya ta ɗauke shi mai ceto. A ɓoye kuwa shi ne ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu, domin ya kau da shugabannin da suka ƙi shi ya ɗora nasa. Masu yi masa wannan aiki waɗansu mutane ne da ya tsare a ƙarƙashin ƙasa shekaru, a wata tashar bincike a Ostareliya mai suna Kanowa (sunan da duk Bakano zai yi murmushi in ya ji), ya ce musu yaƙin nukiliya ya cinye duniyar sama, kowa ya fita zai mutu. Dokta, jarumin wasan, ya yi kama da Salamanda kamar an tsaga kara, ɗan wasa guda ne ma, Patrick Troughton, ya fito a matsayin su biyun. Da wannan kama aka tona asirin azzalumin.

Mai kallo na yau zai ga abin dariya nan da nan. A 2018 ta wasan, asirin manya yana cikin fayil na takarda, ana kashe rai a kan wanda zai riƙe shi. A 2018 ta gaskiya yaro ne zai ɗauki hotonsa da waya ya watsa a WhatsApp kafin a idar da sallama. Masu shirin sun hango jirage da manyan injuna, ba su hango ƙaramin abin da zai shiga aljihun kowa ba. Haka abin yake kusan kullum, marubuci yakan ɗauki abin da ke gabansa ya kumbura shi, zamani kuwa ta gefen da ba a duba ba yake ɓullowa.

Salamanda a gaban manoman Bunkure

Yanzu sai mu kai wasan inda muka yi niyya. A shekarar da aka fara nuna labarin Salamanda, 1967, aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga Tiga ruwa ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ba tare da inji ya tura shi ba, gangara kaɗai ke aikin. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000, daga baya kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa.

Ga dattijon da ya girma yana ban-ruwan ɗan lambunsa da jigo a bakin fadama, guga ɗaya bayan ɗaya, wannan abu bai gaza almara ba. A tsakiyar rani, lokacin da ada samari ke tafiya cin rani, sai ga ƙasa kore shar, alkama da tumatir da albasa, da damina kuma shinkafa. Alkawarin Salamanda, watau a girbe gona fiye da sau ɗaya a shekara, mutanen nan sun gan shi da idonsu tun shekaru hamsin da suka wuce. Saboda haka ta wannan fuska wasan ba zai ba su mamaki ba, tsohon labari ne a wurinsu.

Na'urar kanta kuwa sai ta ba su dariya. Bature ne ya rubuta labarin, a ƙasar da rana ke wuya, don haka ya ɗauka babbar kyautar da za a yi wa manomi ita ce a ƙara masa rana. Manomin Bunkure rana ta yi masa yawa. Alkama sanyin hunturu take so, shi ya sa ake shuka ta wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, wanda ya makara kuwa zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Tumatir ma da zafi ya tsananta sai ya zubar da fure. Da Salamanda zai zo Kadawa da tauraronsa, abin da za a ce masa shi ne, in kana da na'urar tara sanyi kawo, rana kam muna da ita har ta sayarwa. In akwai amfanin da manomi ke nema wurin rana yau, shi ne farantin sola ya juya masa injin ban-ruwa ya huta da kuɗin fetur. Wannan ya nuna mana cewa wasa ba ta zamani kaɗai yake tsufa ba, har ta wuri. Abin da ke mafarki a wata ƙasa, a wata ƙasar kaya ne.

Amma fa a cire na'urar a ajiye gefe, a dubi abin da ya rage. Mutum guda ya riƙe abin da jama'a ke ci da shi, saboda haka ba mai iya ɗaga masa murya. Wannan kam babu manomin rani da zai nemi a yi masa fassara. Kowa ya san bambancin wanda gonarsa ke kusa da bakin kanal da wanda tasa ke can wutsiya, ya san abin da ake ji in an ce za a rufe ruwa domin gyara alhali shuka tana tsakiyar ƙishi. Ya san cewa hukuncin da aka yanke a nesa yana iya ɗaga shi ko ya kayar da shi, kamar yadda aka hana shigo da alkamar waje a 1987 farashi ya tashi, aka janye hanin a 1992 ya faɗo. Mutanen ƙasa da mu kuma, na fadamun Haɗeja da Nguru, suna da nasu karatun. Tun da aka datse Tiga, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika musu fadama kowace shekara ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ba muna cewa akwai wani Salamanda a cikin wannan al'amari ba, gama madatsar ta ciyar da dubban gidaje, kuma da kyakkyawar niyya aka gina ta. Abin da muke cewa shi ne, tambayar da wasan ya yi, watau wa ke riƙe da mabuɗi, wa kuma ke biyan kuɗin albarkar da wani ya samu, tambaya ce mai rai a bakin kowace hanyar ruwa.

Haka kuma mutanen da aka tsare a rami da ƙarya. Abin da ya fara warware musu ƙaryar ɗan guntun jarida ne da ya manne a jikin kwalin abinci, shugabansu ya karanta ya ga ashe duniya tana nan lafiya, har mutane suna tafiya yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. A zamanin da labarin ƙarya ke yawo a waya ya fi na gaskiya sauri, wannan sashe ya fi ma'ana yau bisa ga ran da aka rubuta shi.

A nan Hausa ta yi mana gata da kalma guda. Sandar da ke ɗauke da guga a lambu jigo ce, abin da labari ya dogara a kai shi ma manazarta adabi jigo suke ce masa. Kayan ado na wasan Salamanda sun tsufa, jigonsa kuwa har yanzu yana ɗebo ruwa.

Jarrabawa ta uku: harshe

In za a nuna wa mutanen Bunkure wannan wasa sai an juya shi da Hausa, kamar yadda masu fassara irin su Algaita suka saba yi wa finafinan Indiya. Nan mai fassara zai tarar da cewa kalmomin kimiyya su ma suna da shekaru, waɗansu suna tsufa, waɗansu ba su yi.

Hausa tana da hanyoyi na karɓar baƙon abu. Wani lokaci takan ari sunan ta gyara masa zama, kamar talabijin da rediyo da majigi. Wani lokaci takan ɗauki tsohuwar kalma ta ɗora mata sabon kaya. Jirgi asalinsa na ruwa ne, aka samu jirgin ƙasa, aka samu jirgin sama. Kumbo sunan mazubi ne, ya zama sunan abin da ke kai mutum wata, har Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Mutum-mutumi, wanda ake kafawa a gonar shinkafa domin korar tsuntsaye, shi ne yau sunan ƙarfen da ke aiki kamar mutum. Na'ura kanta daga Larabci muka aro ta, inda asalinta sunan wani gargare ne mai ɗebo ruwa daga kogi domin ban-ruwa, watau kalmar da muke kiran kwamfuta da ita 'yar'uwar jigo ce. Wani lokaci kuma Hausa takan yi bayani, kamar tauraron ɗan'adam da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

In an duba za a ga cewa kalmomin da suka fi jure zamani su ne na kashi na biyu, domin saiwarsu tana cikin ƙasa. Waya daga sunan zaren ƙarfe aka aro ta, ga shi zaren ya tafi kalmar ta zauna, ta bi tangaraho, ta bi tarho, ta bi salula. Dogon bayani kuwa baki yakan gaji da shi, shi ya sa kwamfuta ta fi na'ura mai ƙwaƙwalwa yawo a kasuwa. Waɗansu sunayen kuma tsoron farko ne ya haife su, da tsoron ya wuce suka bi shi, kamar dodon bango da aka taɓa kiran sinima da shi. Manoma ma gwanaye ne a wannan fage. Da tsutsar nan mai cin tumatir ta yi ɓarna mai yawa a 2016, ba su jira masana su ba ta suna ba, suka laƙaba mata Sharon, sunan kuwa ya bi ta.

Saboda haka mai fassara, ko mai rubuta sabon wasa, ya kamata ya saurari bakin mutane kafin ya buɗe ƙamus. Labari na biyu da aka tsinta a Jos, The Web of Fear, dodanni ne na ƙarfe masu gashi suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan da wata irin yana. Hanyar jirgin baƙuwa ce ga ɗan Bunkure, amma da an ce dodo, an ce yanar gizo, an gama da shi, ya san inda aka dosa. Sunan jarumin ma akwai tarko a ciki. In an ce Likita, mai kallo zai jira ya ga allura, alhali mutumin masani ne matafiyi, don haka Dokta ya fi kusa.

Abin da ke sa wasa ya daɗe

Doctor Who ya tsaya a 1989, ya dawo a 2005. Sirrin wannan tsawon rai wata dabara ce da larura ta haifar. A 1966 rashin lafiya ya hana ɗan wasan farko, William Hartnell, ci gaba, sai masu shirin suka ce ai Dokta ba ɗan wannan duniya ba ne, in jikinsa ya gaji rikiɗa yake yi ya sake kama. Da haka kowane zamani ya sami Dokta irin nasa. Bahaushe ya san rikiɗa, ya kuma san jarumin da ba ya mutuwa, gama Gizo yana raye ne domin ba a ɗaure shi a fuskar mutum guda ba, kowace kaka da muryar da take ba shi. Samanja kuwa da Usman Baba Pategi abu guda ne, ba mai iya sa wannan kaki a yarda da shi.

Da wannan rikiɗa wasan ya zagayo ya dawo ƙasar da ta adana masa kaya. A 2023 Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya zama Dokta. A watan Mayu na 2025 aka nuna wani kashi wanda aka kafa labarinsa a shagon aski a Legas, inda wata na'ura mai siffar gizo-gizo ke tafiya da ƙarfin labaran da masu zuwa aski ke bayarwa. Wanda ya rubuta shi, Inua Ellams, a Jos aka haife shi a 1984.

Ta wajen tsari kuma, zamani ya yi wa tsohon wasan adalci. Ada kashi-kashi ake nuna shi, minti 25 kowane mako, a yanke a daidai inda rai ya tashi. Wannan shi ne tsarin da 'yan kallon Hausa suka runguma tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 da su Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, da kuma irin su Labarina da Izzar So. Kwana Casa'in ya ƙago jiha sukutum mai suna Alfawa, mutane suka karɓe ta domin sun gane tasu a cikinta. Wanda ya yarda da jihar da babu ita a taswira, ba zai ƙi shekarar da ba ta zo ba tukuna.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa wasan almarar kimiyya yana tsira a zamanin baya gwargwadon yadda ya jingina da halin mutane, yana kuma faɗuwa gwargwadon yadda ya jingina da ƙyalƙyalin na'ura. Marubucin Hausa da ke son shiga wannan fage ba ya bukatar kuɗin gina kumbo. Ya je Bunkure ya zauna a bakin kanal ya ce, da a ce Tiga ta cika da yashi, da a ce hunturu ya daina zuwa, da a ce iri da ruwa da taki duk sun koma hannun kamfani guda, yaya gidan Malam wane zai kwana? Ya bar shekara a buɗe, ya ɗauki kalmominsa daga bakin masu gonar. Irin wannan wasa ko an tsince shi bayan shekara hamsin za a sami mai kallonsa.

Sai dai kafin a tsinta sai an ajiye. Wannan aiki ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu tare da gidajen talabijin. A bi tsofaffin ma'aikata da iyalan 'yan wasa da masu shagunan kaset, a tattara abin da ke hannunsu, a juye shi a kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a rubuta sunan kowane wasa da shekararsa da waɗanda suka fito a ciki. Wasannin yau da ke YouTube da cikin wayoyi su ma a haɗa da su, gama abin da ke hannun kowa shi ne ba wanda ke ɗaukar nauyin adana shi. Ingila ta yi sa'a Jos ta riƙe mata nata. Namu kuwa babu wata ƙasa da aka aika wa kwafi, in ba mu ajiye ba babu inda za a je a tsinto.